Wa ke noma wa Mad Max hatsi? Tattalin arzikin fim a ma'aunin tarihi

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata kwaleji a nan Maraɗi. Wata rana lokacin hutun ƙarfe goma na tarar da yara huɗu ƴan ajin ƙarshe sun haɗa kai a gindin bedi suna kallon waya ɗaya. Da yake doka ta hana waya a makaranta, sai na karɓe ta. Da aka tashi na mayar wa mai ita, na tambaye shi abin da ya ɗauke musu hankali haka. Ya ce wani fim ne mai suna Mad Max: Fury Road. Sannan ya ƙara da maganar da ta sa nake wannan rubutu: "Mushe, ai haka duniya za ta koma. Ranar da ruwa ya ƙare, mai bindiga kaɗai zai sha."

Yaron yana da hankali, kuma ba da wasa ya faɗa ba. Ƙauyensu yana kudu, kusa da iyaka, inda labarin masu bindiga ba a waya kaɗai ake jin sa ba. Na ce masa ya ba ni mako guda. Na nemi fim ɗin na kalla sau biyu, na farko don in bi labarin, na biyu da alƙalami da takarda a hannu. Tambayar da na sa a gabana ita ce: garin da aka nuna a fim ɗin zai iya rayuwa shekara guda kuwa? Tarihi ya taɓa ganin irinsa? Ga abin da na samo, ko zai amfani malamai ƴan uwana da iyayen da ƴaƴansu ke kwana da irin waɗannan finafinai.

Abin da fim ɗin ya nuna

Fim ɗin ya fito a 2015. Wanda ya shirya shi, George Miller, mutumin Ostireliya ne, kuma likita ne kafin ya shiga harkar fim. Labarin yana faruwa ne bayan duniya ta lalace, ƙasa ta zama hamada. Akwai garuruwa uku. Na farko birni ne a kan duwatsu, inda wani tsohon azzalumi mai suna Immortan Joe yake janyo ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa da injuna. Na biyu Garin Mai, inda ake tace fetur. Na uku Gonar Harsashi, inda ake ƙera makamai. Joe yana aika ruwa da ganyaye da nonon mata, a ba shi mai da harsashi. Talakawa suna zaune a gindin dutse cikin tsumma. Lokaci zuwa lokaci yakan buɗe famfo, ruwa ya kwararo daga sama na ɗan lokaci, mutane su yi ta turereniya da ƙwarya da tasa, sannan ya rufe, ya gargaɗe su kada su saba da ruwa. Rikici ya tashi ne ranar da wata jarumarsa, Furiosa, ta karkatar da tankar da aka aike ta da ita, ta gudu da matansa biyar.

Wannan tunani yana da asali a tarihi. Fim ɗin Mad Max na farko ya fito a 1979, ƴan shekaru bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage fitar da shi saboda yaƙin Oktoba, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin ƴan watanni. Turawa sun ga layin motoci a gidajen mai, sun ga mutane suna faɗa kan lita kaɗan, suka tsorata. Daga wannan tsoro aka haifi Mad Max. A wannan shekara ta 1973 ɗin, mu a nan Sahel fari ne ya cinye mana dabbobi da hatsi. Su sun yi hasashen abin da rashi zai yi wa mutane, iyayenmu kuma sun gani da idonsu. Saboda haka muna da abin faɗa a kan wannan fim.

Inda ya yi gaskiya

Da na ga Joe yana buɗe ruwa yana rufewa, abin da ya fara zuwa raina shi ne rijiyar Kusugu ta Daura. Kowane yaro ya san labarin: maciji ya tare rijiya, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya kashe shi, gari ya sha ruwa. Fim ɗin ma haka ya ƙare, an kashe mai tare ruwa, an buɗe famfo. Wato tun kafin a ƙirƙiro sinima kakanninmu sun san cewa wanda ya riƙe bakin rijiya ya riƙe wuyan gari. Wanda ya taɓa zama Damagaram a watan Afrilu ko Mayu, ya jira mai garuwa tun asuba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Wani masani Bajamushe mai suna Karl Wittfogel ya gina ra'ayi sukutum a kan wannan a 1957. Ya ce manyan daulolin kama-karya na dā, irin su Masar da Iraƙi ta dā da Sin, sun samo ƙarfinsu ne daga riƙe hanyoyin ban ruwa. Masana da suka zo bayansa sun rage wa maganar kaifi. Sun nuna cewa a wurare da yawa manoma ne da kansu suke tsara rabon ruwa, kamar a tsibirin Bali na Indunusiya, inda ƙungiyoyin manoman shinkafa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi ba tare da sarki ya tsaya a kansu ba. Duk da haka gindin maganar yana nan: ruwa yana iya zama sarauta.

Garin Mai ma ba tatsuniya ce tsantsa ba. A yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, bayan Fatakwal ta faɗi a 1968 aka raba su da babbar matatar mai, injiniyoyinsu sun harhaɗa ƙananan matatu a cikin daji, suna dafa ɗanyen mai suna samun abin da zai motsa mota. Gonar Harsashi kuwa, ba sai mun je nesa ba. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya sa an ƙera igwa a Zinder, ana haɗa albarushi a gida. Mutum yana iya yin abubuwa da yawa da kayan da ke gabansa in wuya ta kai wuya.

Har nan yarona yana da hujja. Amma da na ɗauki alƙalami na fara lissafi, sai ginin ya fara tsagewa.

Wa ke noma?

A ajinmu muna koya wa yara cewa mutum ɗaya yana bukatar wajen kilo 200 na hatsi a shekara, ko ma fiye. Fim ɗin bai faɗi yawan mutanen birnin Joe ba, to mu ɗauka su 5,000 ne, da mayaƙa da bayi da talakawan gindin dutse. Za su ci tan 1,000 a shekara, wato buhu 10,000 mai kilo 100. Gonar hatsi irin tamu ta damina takan ba da wajen kilo 500 a hekta ɗaya, a shekara mai kyau. Ke nan ana bukatar hekta 2,000. Ko an ce noman ban ruwa ne mai ba da ninki goma, sai an sami hekta 200. Abin da fim ya nuna shi ne ɗan kore a kan tsaunuka da wasu ganyaye da aka rataya a cikin kogo. Wannan zai ciyar da Joe da fadawansa. Ba zai ciyar da ɗaruruwan bayin da ke taka manyan ƙafafun injin da ke ɗaga motoci sama ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai batun nonon mata da aka mayar hajar kasuwa. Mace mai shayarwa ba ta cika ba da lita ɗaya a yini ba, kuma sai ta ci fiye da yadda ta saba. Akuya kuwa ƙaya da ganyen da mutum ba ya ci take mayarwa madara. Duk wata al'ummar hamada da tarihi ya sani, daga Buzaye da Tubawa zuwa Larabawan ƙauye da Mongol, a kan dabba ta rayu. A cikin fim ɗin nan ban ga akuya ko jaki ko raƙumi ko ɗaya ba. Abin ban dariya, Ostireliya, inda labarin ya samo asali, tana da dubban ɗaruruwan raƙuman daji, jikokin waɗanda aka kai can a ƙarni na 19 don ɗaukar kaya. Fim na uku a jerin, wanda ya fito a 1985, ya fi kusa da gaskiya a nan, don a cikinsa raƙuma ke jan motar Max, kuma gari yana samun wuta daga iskar kashin aladu.

Man da ake ƙonawa kamar ba gobe

Fetur ba ya ajiyuwa. In ya yi watanni a tanki yakan fara lalacewa, don haka ba za a ce tsohon ajiya suke sha ba. Sai an haƙo, an tace, an kawo. Mu dubi matatar SORAZ da ke arewa da Zinder, wadda aka buɗe a 2011. Tana tace ganga 20,000 a yini, amma sai da aka shimfiɗa bututu na fiye da kilomita 400 daga Agadem, kuma tana bukatar injiniyoyi da kayan gyara da ake kawowa daga wata duniya. Tukunyar daji irin ta Biyafara tana ba da ɗan abin lallaɓawa ne. Bayan mai akwai taya, da batir, da man juye, da filogi. Kowane ɗan kabu-kabu ya san cewa babur ba fetur kaɗai yake ci ba.

Me mutane suka yi a tarihi da mai ya yi ƙaranci? Sun koma baya ne, suka rage gudu. Jamus ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da sunan ƙasar injuna, amma ta yi amfani da dawaki fiye da miliyan 2 wajen jan igwa da abinci, kuma da aka ragargaza masana'antunta na mai a 1944, jiragenta da yawa sun zauna a ƙasa. A Faransa da wasu ƙasashen Turai a wancan lokaci an riƙa ɗaura wa motoci tukunyar gawayi ko itace, suna tafiya da hayaƙinta. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, man da Kyuba ke samu daga gare ta ya yanke. Sai ta sayo kekuna fiye da miliyan ɗaya daga Sin, manoma suka ajiye tarakta suka koma garmar shanu. Mu ma mun ɗanɗana kaɗan a 2023, da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada. Ba wanda ya ƙara wa motarsa inji na biyu. Mutane sun rage zirga-zirga ne, amalanke ta ƙara daraja.

Joe kuwa ya kwashi rundunar motoci masu manyan injuna, har da wata mai ɗauke da makaɗa da mai garaya da ke feso wuta, ya bi mata biyar cikin hamada. Fim ɗin da kansa ya san wannan hauka ne, don ya sa shugaban Garin Mai yana biye da shi yana ƙirga asarar mai da motoci yana ƙorafi. A ganina wannan mai lissafin shi kaɗai ne a fim ɗin ya yi kama da mutumin da zai iya riƙe gari.

Ciniki ba ya tafiya da bindiga kaɗai

Garuruwa uku masu musayar kaya a cikin hamada, wannan mun san shi, don shi ne tarihin ayarin gishiri. Kawar, wato Bilma da maƙwabtanta, da Fashi, suna da gishiri da dabino amma ba su da hatsi. Ƙasar Hausa da Damargu suna da hatsi da tufafi amma suna bukatar gishiri, musamman don dabbobi. Buzayen Abzin suna da raƙuma da sanin hanya. Kowace kaka ayari yakan tashi ya ƙetare Tenere, tafiyar wajen kilomita 600 daga Agadas zuwa Bilma, da dubban raƙuma, ya kai hatsi ya ɗauko kantu da dabino, sannan ya gangaro kudu har Kano. Baturen nan Heinrich Barth ya bi irin wannan ayari daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851.

An yi fashi a wannan hanya, an yi yaƙi, an yi cinikin bayi, kada mu yi wa tarihi kwalliya. Amma abin da ya riƙe cinikin ɗaruruwan shekaru shi ne amana. Akwai madugu da ayari ke bi saboda sanin hanya da rijiyoyi. Akwai fatoma, mai masauki, wanda baƙo ke sauka gidansa ya ajiye kaya, shi kuma ya tsaya masa a ciniki. Akwai dillali. Akwai bashin da ake bayarwa bana a biya baɗi, tsakanin gidajen da suka gaji hulɗa daga kakanni. Buzu da ya fi mutumin Bilma ƙarfi yana iya ƙwace gishirin bana, amma ya san in ya yi haka baɗi ba zai tarar da mai haƙa ba. Tanimun ma, da igwarsa da ganuwarsa, dukiyarsa ta dogara ne ga fataken da ke zuwa daga Tarabulus da Gadamas da kuma manoman da ke biyan haraji. Da ya kori fatake, da albarushinsa ya ƙare.

A fim ɗin kuma babu kuɗi, babu kasuwa, babu mai sayar da ko da gishiri a bakin hanya. Tarihi ya nuna kuɗi yana tsirowa ko a inda ba a shuka shi ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Radford, wanda Jamusawa suka tsare a sansanin fursunonin yaƙi, ya rubuta a 1945 yadda taba sigari ta zama kuɗi a tsakaninsu, har ana sa wa burodi da sukari farashi da ita. Kakanninmu sun yi da wuri. Da birnin Joe gaskiya ne, da cikin wata guda an sami wata tsohuwa a gindin dutse tana tara ruwa a tulu ranar da aka buɗe famfo, tana sayarwa da ludayi ranar da aka rufe. Da an sami mai gadin famfo da ke satar bido biyu da dare. Daga nan kasuwa ta kafu, kuma ikon Joe ya fara yoyo.

Azzalumi ma yana bukatar talaka

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Mancur Olson, ya bambanta ɓarayi iri biyu. Akwai ɗan fashi mai wucewa, wanda ke kwashe komai ya ƙona saura don ba zai dawo ba. Akwai kuma wanda ya zauna wuri ɗaya. Shi wannan, ko don son kansa, dole ya bar wa manomi iri da abin ci, don yana son ya sake karɓa baɗi. Joe mazaunin wuri ɗaya ne amma yana hali irin na mai wucewa. Yana zubar da ruwa daga kan dutse, mafi yawansa ya bi ƙasa ya zama taɓo, alhali da ya haƙa magudana ya sa mutanen nan noma da ya ninka dukiyarsa. Talakawan gindin dutse ba sa noma, ba sa kiwo, ba sa saƙa. To me ya sa yake ba su ruwan ma? Kuma me suke ci?

A ƙasarmu ta dā arzikin sarki mutane ne, don ƙasa tana da faɗi, hannu ne ke ƙaranci. Sarkin da ya matsa wa talakawa yakan wayi gari ya tarar ƙauye ya tashi. Haka aka yi wa Faransawa. Da haraji da aikin tilas suka yi nauyi, kafin a soke aikin tilas ɗin a 1946, mutane da yawa sun tsallaka Najeriya ko suka nufi Gwalkwas. Masu fim sun san wannan, shi ya sa suka rufe kowace ƙofa: suka ce duk duniya ta mutu, wurin kore ɗaya da Furiosa ke nema ma ya zama fadama mai guba. Sai da suka kashe duniya baki ɗaya kafin mulkin Joe ya yiwu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa irin mulkinsa ba ya tsayawa a duniyar da ke da maƙwabta.

Kuma ko ba a gudu ba, yunwa takan kayar da mai mulki. Bayan farin 1973, sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce sun kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma cikin manyan dalilan da suka bayar akwai yadda aka tafiyar da taimakon abinci. A watan Satumba na wannan shekara, Sarki Haile Selassie na Habasha ya faɗi bayan yunwar Wollo da gwamnatinsa ta yi ƙoƙarin ɓoyewa. Dukansu suna da sojoji da bindigogi. Waɗanda ke riƙe da bindigogin ne suka juya, don su ma suna da iyaye a ƙauye.

Abin da ke kashe mutane lokacin rashi

A nan ne na fi son yarona ya tsaya ya yi tunani. Fim ya koya masa cewa in abu ya yi ƙaranci, ƙarfi ne ke raba shi. Tarihin yunwa ya nuna cewa farashi ne ya fi yawan raba shi. Amartya Sen, masani ɗan Indiya, ya nazarci yunwar Bengal ta 1943 wadda ta kashe mutane miliyan 2 zuwa 3, ya nuna cewa shinkafa ba ta ƙare ba, kuɗinta ne ya fi ƙarfin leburori da masunta. A Ailan, daga 1845, wajen mutum miliyan ɗaya sun mutu alhali jirage suna fita da abinci daga tashoshin ƙasar. Mu tuna 2005 a nan gida. Hatsi yana kasuwa, amma kuɗin buhu ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin akuya kuma ya faɗi, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram da ake kira rumbun ƙasa suna cikin inda yara suka fi tagayyara. Yunwar 1984 kuwa, mutane sun laƙaba mata sunan El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, hanyar da hatsi ke shigowa ta toshe. Ba mai bindigar da ya tsaya a bakin rijiya a waɗannan shekaru. Hanya ce ta rufe, aljihu kuma ya kasa.

Waɗanda suka tsira kuma, da me suka tsira? Ku tambayi tsofaffin gidajenku. Za su ce rumbun tsimi da aka ƙi buɗewa a shekarar ƙoshi. Za su ce ɗan da ya tafi cin rani ya aiko da kuɗi, da ɗan uwan da ya karɓi yara biyu ya riƙe, da saniyar da Bafillace ya ba ɗan uwansa aro har ta haihu ya sake kafa garke, da matan da suka san ganyen tafasa da jiga da yadda ake jiƙa anza har ɗacinta ya fita. A fim ɗin akwai wata tsohuwa da ke yawo da jakar iri, tana gwada shukawa duk inda ta sauka. Ita ce ta fi kowa dukiya a labarin, amma ba a ba ta ko minti goma ba, don tsirowar iri ba ta sayar da tikitin sinima.

Ƙarshen fim ɗin ma yana da tambaya. An kashe Joe, an buɗe famfo, ruwa yana ta zuba, jama'a na murna. To gobe fa? Wa zai gyara injin in ya lalace, da kuɗin wa? Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka. A shekarun 1960 gwamnati ta kafa tashoshin famfo a yankin makiyaya na arewa, ruwa kyauta ga kowa. Niyyar mai kyau ce, amma dabbobi suka taru fiye da kima a kewayensu, ciyawa ta ƙare, tsohon tsarin da mai rijiya ke ba baƙo izinin shayarwa na ƴan kwanaki ya raunana. Kuma kowa ya san ƙauyen da aka yi wa famfo ya mutu bayan shekara biyu saboda ba a tara kuɗin gyara ba. Kashe maciji aikin dare ɗaya ne. Tsara layin ɗiba da kuɗin guga shi ne aikin da ba ya ƙarewa.

Abin da na gaya wa yaron

Da mako ya cika ban yi masa wa'azi ba. Na shiga aji na rubuta a allo: mutum 5,000, kilo 200 kowanne, buhu nawa? Hekta nawa? Suka yi lissafi. Na ce to ku nuna mini gonar a fim. Aji ya kaure da gardama. Wata yarinya ta ce, "Mushe, ai ko tukunya ban ga an ɗora ba tun daga farko har ƙarshe." Wani ya ce wataƙila gonakin suna bayan dutse. Na ce to wa ke nome su, kuma in sun ƙi fa? Mai wayar ya yi shiru, can ya ce, "Ke nan mai bindigar ma sai an ba shi tuwo." Na ce abin da nake so ka riƙe ke nan.

Ban ce masa masu bindiga ba sa cutarwa ba, ya fi ni sani. Abin da tarihi ya nuna shi ne suna rayuwa ne a kan gumin wasu, kuma ranar da suka kori manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, sun kori abincinsu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Shawarata ga malamai da iyaye ita ce, hana kallo kaɗai ba zai yi ba, don wayar tana aljihunsu, mu kuma ba ma tare da su kullum. Akwai finafinan da ba su dace da ƙananan yara ba, wannan ma yana cikinsu saboda zubar da jini, kuma haƙƙin iyaye ne su tace. Amma matashin da ya riga ya kalla, a zauna da shi a yi masa tambayoyin da kowace uwar gida ke yi kullum: me suke ci, wa ya noma, daga ina man ya zo, wa zai biya, in ya ƙare fa? Sannan a tura shi wajen kakarsa ta ba shi labarin 1973 ko 1984, ya rubuto a kawo aji. Na gwada haka da ɗalibaina a bana. Mai wayar nan ya kawo shafi uku a kan yadda kakansa ya sayar da raƙuminsa na ƙarshe ya sayi hatsi, ya raba da gidaje huɗu, kuma har yau jikokin gidajen nan suna kawo musu gaisuwa da dami duk kaka.